Kayan kariya: kariya daga me?

Tun 2020 da korona ta shigo, kalmar "kayan kariya" ta kama bakin 'yan rediyo har yau ba ta sake su ba. Ko ɗan siyasa ne ya je duba kwalbati ya kifa farar hular kwano a kan babbar riga, sai ka ji an ce ya sanya kayan kariya. Abin da ke ba ni haushi, ba mai tambayar rabin maganar da aka haɗiye: kariya daga me? Ai haɗarin ake fara dubawa, shi ne zai faɗa maka abin da za ka saya.

Ɗauki takunkumi. Asalinsa na jaki ne da raƙumi da shanun huɗa, ana ɗaura musu don kada su ci amfanin gona ko su yi cizo. Wato ba dabbar ake karewa ba, bakinta ake kare wa mutane. (Shi ya sa da aka ƙaƙaba wa Iran takunkumi sunan ya zauna daram.) Shuɗin nan na asibiti ma kusan aikinsa ke nan, ya tare yawun mai shi. To makon jiya a wani gareji a Sabon Gari na ga yaro yana fesa wa mota fenti da irinsa, gefen hanci a buɗe, tsakiyar takunkumin har ta koma launin motar. Da na yi magana sai maigidansa ya ce, "Haba Alhaji, ai ya sa kariya."

Ko takunkumin nan da ake kira N95 aka ba yaron nan bai tsira ba. Lambar na nufin yana tace kashi 95 cikin 100 na ƙura mai laushi, harafin N kuma na nufin ba a yi shi don abu mai maiƙo ba. Tururin tinna, ruwan da ake tsinka fenti da shi, kuwa ratsa shi yake yi salin-alin. Na roba mai gwangwanin gawayi ne na mai fenti, wanda ke kama fuska tsam, kuma gawayin na ƙoshi, dole a riƙa canza gwangwanin.

Haka mai waldan Tudun Wada da baƙin tabarau na gayu: dare na yi ido ya zama kamar an zuba masa yashi. Gilashin waldar lantarki lamba gare shi, galibi daga 10 zuwa sama. Safar hannu ta ƙyalle a wajen mai feshin ciyawa tsotse maganin take yi ta manna masa a fata, a wajen mai injin niƙa kuma ita ce bel zai fizga har da hannun.

Dokar masana'antu ta Najeriya ta 1987 ta ɗora wa mai masana'anta samar da kayan kariya, ba lebura ba. Masana kuma a ƙarshen layi suke ajiye kayan, bayan an yi ƙoƙarin kawar da haɗarin ko rage shi. Shi yaron can, a ɗaki mai taga ɗaya yake feshin, tagar ma an toshe ta da kwali don kada ƙura ta ɓata fenti.