Harsasan bindigar AR-15 da samuwarsu a kasuwar Amurka

AR-15 na cikin dogayen bindigogin da suka fi yawa a hannun farar hula a Amurka. Eugene Stoner ne ya jagoranci ƙera ta a kamfanin ArmaLite a ƙarshen shekarun 1950, kamfanin Colt ya sayi haƙƙinta a 1959, sannan a 1964 ya fara sayar wa jama'a samfurin da ke fitar da harsashi ɗaya a duk jan kunama ɗaya. Tun wajen 2009 ƙungiyar masana'antun bindiga ta National Shooting Sports Foundation ke kiran irin waɗannan bindigogi "bindigogin wasanni na zamani", sunan da masu neman a tsaurara dokar mallakar bindiga ba su yarda da shi ba.

Asalinta don ƙaramin harsashi mai faɗin milimita 5.56 aka yi ta. Sai dai jikinta kashi biyu ne, sama da ƙasa, ƙusoshi biyu ke riƙe da su. Mai ita yana iya ture ƙusoshin, ya cire ɓangaren sama mai ɗauke da bututu da sakata (ƙarfen da ke tura harsashi ya kulle shi a bututu), ya ɗora wani mai cin harsashi dabam. Wannan sauƙin ne ya sa kamfanoni suka yi ta fito da sababbin harsasai dominta. Iyakarsu biyu ce: gidan harsashin AR-15 ba ya karɓar abin da ya wuce tsawon inci 2.26, wato milimita 57.4, kuma in gindin kwanson harsashin ya yi faɗi dole a rarake fuskar sakata, ƙarfenta ya ragu.

Harsashin asali

Kamfanin Remington ya fitar da harsashin .223 kasuwa a 1964, ƙungiyar tsaro ta NATO kuma ta amince da na soja, 5.56×45, a 1980. A ido kamar tagwaye suke, amma na soja ya fi matsin iska, shi ya sa ake gargaɗin kada a sa shi a bindigar da aka yi wa .223 kaɗai. Kan harsashin ba shi da nauyi, gram uku da rabi zuwa huɗu, gudunsa ya haura mita 900 a daƙiƙa. Bindigar ba ta dukan kafaɗa sosai, harsashin kuma ya fi na sauran arha. Rauninsa shi ne iska tana kaɗa shi a nesa, kuma wasu jihohi ba su yarda a yi farautar barewa da shi ba. Dokar Kolorado, alal misali, tana neman faɗin inci .24 ko fiye don manyan namun daji, ta Bajiniya kuma .23.

Arharsa ba daga kyawun ƙirarsa ta zo ba. Masana'antu a ƙasashe da dama suna buga shi don sojoji, masana'antar gwamnatin Amurka ta Lake City da ke jihar Mizuri ma tana sayar da rarar abin da ta buga ga 'yan kasuwa. Babu wani harsashin da ke neman maye gurbinsa da ke da irin wannan gata.

Masu neman maye gurbinsa

6.8 SPC ya fito ne tsakanin 2002 da 2004 daga haɗin gwiwar Remington da wasu sojojin rundunar musamman ta Amurka da ke ƙorafin cewa 5.56 ba ya da isasshen ƙarfi daga gajeren bututu. Yana da kyau a farauta a matsakaicin zango, amma rundunar soja ba ta ɗauke shi gaba ɗaya ba, kuma ruɗani kan ma'aunin ɗakin harsashinsa, wato gurbin da harsashi ke zama a gindin bututu, ya ja masa baya tun farko.

6.5 Grendel, wanda Bill Alexander ya fito da shi a 2004, wata hanyar ya bi. Kansa dogo ne siriri, nauyinsa wajen gram takwas, yana ratsa iska da kyau, har ya riƙe ƙarfinsa a nisan da 5.56 ya riga ya gaji. In zancen harbin nesa da farauta a haɗe ake yi, da wuya a sami wanda ya fi shi a cikin tsofaffin. Amma yana buƙatar sabon bututu, sabuwar sakata da gidan harsashinsa na kansa. Daga baya .224 Valkyrie na kamfanin Federal da 6mm ARC na Hornady, wanda ya fito a 2020, suka shigo wannan fage.

Wanda ya fi kowa karɓuwa shi ne .300 Blackout, da aka yi wa rajista a hukumance a 2011. A harbin nesa bai kai Grendel ba ko kusa. Abin da ya ɗaga shi shi ne daga kwanson 5.56 aka samo shi, aka gajarta, aka buɗe wuyansa. Saboda haka sakata da gidan harsashi duk na da ne, bututu kawai za a canja. Yana ƙone albarushinsa a gajeren bututu, kuma ana cika shi da kai mai nauyin gram goma sha huɗu wanda gudunsa bai kai na sauti ba, don masu amfani da na'urar rage ƙara. Wannan kusancin ne kuma haɗarinsa. Harsashin .300 Blackout yana iya shiga ɗakin bindigar 5.56, sakata ta rufe. In aka ja kunama, kai mai faɗin milimita 7.62 ba shi da hanyar wucewa ta bututun 5.56, sai bindigar ta tarwatse a hannun mai ita. Shi ya sa masu bindigogin biyu kan naɗa wa gidajen harsashinsu roba mai launi ko su shafa musu fenti.

Akwai kuma waɗanda doka ce ta buɗe musu kasuwa. Jihohi irin su Ohayo, Ayowa da kudancin Mishigan, inda gonaki da gidaje ke kusa da juna, sun daɗe suna hana farautar barewa da bindiga mai cin dogon zango. Da suka sassauta, sai suka yarda da harsashi mai miƙaƙƙen kwanso marar wuya, Ohayo a 2014. Nan .450 Bushmaster ya samu shiga, sannan kamfanin Winchester ya ƙera .350 Legend a 2019 daidai da sharuɗɗan waɗannan dokoki. Bugunsa a kafaɗa ya fi na .450 sauƙi, ya kuma yaɗu cikin 'yan shekaru.

Harsashin AK-47, wato 7.62×39, shi ma ana sa shi a AR-15, amma zaman bai cika daɗi ba. Kwansonsa yana tsukewa daga gindi zuwa wuya, don haka lanƙwasasshen gida yake so, mazaunin gidan harsashin AR-15 kuwa miƙaƙƙe ne. Arha ce kawai ta ja mutane gare shi.

Lokutan ƙaranci

Sau uku tun daga 2008 harsashi ya yi ƙamfa a shagunan Amurka: bayan zaɓen 2008, bayan kisan makarantar Sandy Hook a Disambar 2012 lokacin da ake tsammanin sabuwar doka, da kuma 2020 zuwa 2021, inda annobar korona, zanga-zanga da zaɓe suka haɗu. A 2020 ɗin ne kuma Remington ya durƙushe, masana'antarsa ta harsashi a jihar Akansas ta koma hannun kamfanin Vista Outdoor.

Yadda abin ke tafiya ya nuna darajar kowane harsashi fiye da duk wata talla. Da farko 5.56 ne ke ɓacewa daga kanta, don shi kowa ke wawa, a bar na gefe suna zaune. Amma in ƙarancin ya daɗe sai lamarin ya juya. Masana'anta ba za ta tsayar da injin da ke buga abin da ake rububi ba don ta buga wanda masu sayensa kaɗan ne. Sai 5.56 ya fara dawowa, mai 6.8 SPC ko Valkyrie ya yi ta jira wata da watanni. Masu cika harsashi da kansu a gida ma ba su tsira ba, domin 'yar ƙwayar da ke tayar da wuta a gindin kwanso ta yi wuyar samu a lokacin.

Siyasar ƙasa da ƙasa ma ta taɓa kasuwar. A Agustan 2021 gwamnatin Amurka ta daina ba da sabon izinin shigo da harsashi daga Rasha, cikin takunkumin da ta sa kan gubar da aka ba ɗan adawar Rasha Alexei Navalny. Harsasan Rasha masu kwanson baƙin ƙarfe su ne mafi arha a kasuwa a lokacin, kuma su ne suka riƙe 7.62×39 da 6.5 Grendel a farashin da mai ƙaramin ƙarfi ke iya saya. Da tsofaffin izinin suka ƙare, babban dalilin sa 7.62×39 a AR-15 ya raunana, mai Grendel kuma ya koma sayen mai kwanson tagulla da tsada.

A Afrilun 2022 sojan ƙasa na Amurka ya zaɓi sabon harsashi, 6.8×51, tare da bindigar kamfanin SIG Sauer. Ba shi da alaƙa da 6.8 SPC, kuma tsawonsa ya fi ƙarfin gidan harsashin AR-15, don haka ko an buga shi da yawa, masu wannan bindiga ba za su ci moriyarsa ba.