Digirin digirgir a fannin leza: ta ina ɗan Garwa zai fara?

Ƙanena ya gama mastar a fiziks a Ngaundere, ya dawo Garwa ya tsare ni da tambayoyi a zaure bayan isha'i. Ga abin da muka tattauna.

Yaya, me ke cikin leza har mutum ya ba shi shekara uku?

Haske ne mai launi ɗaya da ke tafiya a miƙe, ba ya bazuwa kamar na tocila. Theodore Maiman ya haɗa na farko a Amurka a 1960. Yau da shi ake yanka ƙarfe, a gyara ido, a tura saƙon intanet ta cikin zaren gilashi. Kuma kada ka raina aikin ɗalibi. Donna Strickland tana karatun digirgir ne a 1985 lokacin da ita da malaminta Gérard Mourou suka gano dabarar miƙe ɗan walƙiyar leza, a ƙara masa ƙarfi, sannan a matse shi. Aikin ne ya ba su kyautar Nobel a 2018.

To, dole sai na bar Kamaru?

Ba gaba ɗaya ba. Jami'ar Duwala tana da cibiyar CEPAMOQ mai nazarin ƙwayar zarra da haske, kuma aikin lissafi da kwaikwayo a kwamfuta ana yin sa a gida. Manyan injuna ne ke da tsadar tsiya, ga su ba sa jure ƙura ko ɗaukewar wuta. Shi ya sa na fi son tsarin kotutel: malami ɗaya a nan, ɗaya a waje, ka raba lokacinka tsakaninsu. Cibiyar nazarin fiziks ta ICTP da ke Trieste a Italiya, wadda Abdus Salam ya kafa a 1964, tana da shiri mai kama da wannan, ana kiran sa STEP. Akwai kuma Cibiyar Leza ta Afirka, da aka kafa a 2003, mai mazauni a Afirka ta Kudu.

Kuɗi fa?

A Faransa ana ɗaukar ɗalibin digirgir da kwantiragin shekara uku, da albashi. Jamus na da tallafin DAAD, hukumarta ta musayar ɗalibai da malamai. Tallafin Eiffel kuwa makarantar Faransa ce ke nema maka, ba kai ba, don haka samun malami shi ne kan gaba.

Wane batu zan kai masa?

Leƙa waje lokacin hunturu. Hazon nan da ke rufe mana rana, da yawansa daga kwarin Bodele na arewacin Chadi yake tasowa, ɗaya daga cikin manyan maɓuɓɓugan ƙura a duniya. Da leza ake auna shi: a harba haske sama, a lissafa lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo, sai a san tsayin da ƙurar ta kai da kaurinta. Sunan na'urar lidar, kuma tauraron ɗan'adam na CALIPSO da Amurka da Faransa suka harba a 2006 irinta ya ɗauka. Akwai kuma dabarar ƙona ɗigon abu da leza a karanta sinadaransa daga hasken da ya fitar. Da ita motar Curiosity ke gwada duwatsun duniyar Mas, da ita kuma za a iya gwada kanwar Tafkin Chadi ko ƙasar gonar auduga. Malamin da ke Turai yana da injin, kai ke da ƙurar da kanwar.

Faransancina zai wadatar?

Zai kai ka Faransa, amma yawancin takardun bincike da Turanci ake buga su. Ka fara karanta ɗaya kowane mako tun yanzu, musamman na malamin da kake shirin rubuta wa.