Waiwaye: Yadda Fina-finan Kirki Suka Koma Jiran Kaka

Duk shekara, da zarar Agusta ya kusa ƙarewa, sai gardama ta kaure tsakanin masu kallon fina-finan Amurka. Ƙorafin ɗaya ne: bazarar bana ma, wato Yuni zuwa Agusta a can, ba a ga komai ba sai maimaici, kashi na huɗu na wani fim, ko tsohon labarin da aka sake wa riga. Daga nan kowa ya zuba wa kaka ido, tsakanin Satumba da Disamba, yana jiran fim ɗin da zai taɓa zuciya. Yawanci ana ɗora laifin a kan fina-finan jarumai masu tashi sama, sai ka ce jiya abin ya fara.

Farkon labarin sananne ne. A watan Yunin 1975 aka saki fim ɗin Jaws a ɗaruruwan silima lokaci guda, tare da ruwan talla a talabijin, daga nan bazara ta zama ta matasan da ke hutun makaranta. Ita kuwa kaka tun asali ta masu neman Oscar ce, babbar kyautar fim ta Amurka, domin ana rufe lissafin shekara a ƙarshen Disamba, ga bikin fina-finai na Venice da na Toronto duk a farkon kaka. Duk da haka, a shekarun 1990 fim ɗin kotu ko na soyayya ko na rikicin iyali yakan fito a kowane wata, kuma ya ci kasuwarsa.

Abin da ba a cika tunawa da shi ba shi ne faifan DVD. Ya shiga kasuwar Amurka a 1997, cikin 'yan shekaru ya zama ƙashin bayan harkar. Wajen 2005 cinikinsa a Amurka kaɗai ya haura dala biliyan 16 a shekara, alhali kuɗin tikitin silima bai kai biliyan 10 ba. A lokacin, duk ranar Talata sababbin fayafai ke sauka a kantuna, a jere su kusa da wurin biyan kuɗi. Wanda ya je sayen madara sai ya ɗora faifai a kai, ya je gida ya kalli fim ɗin, ya kalli wuraren da aka yanke, har ya saurari darakta yana bayanin yadda aka ɗauki kowace fitowa. Buga faifan ba ya cin wasu kuɗin kirki, ribar kuwa mai tsoka ce.

Ma'anar wannan ga mai zuba jari babba ce. Fim mai matsakaicin kasafi, a ce na dala miliyan 30 ko 40, yana bukatar kusan irin wannan kuɗi a talla, sannan masu silima su ɗauke kusan rabin kuɗin tikiti. Idan bai yi kasuwa a silima ba, ba a tayar da hankali, domin bayan 'yan watanni faifai zai cike giɓin. Fim yana da rai biyu kenan. Da wannan rai na biyu ne ake yarda a gwada sabon darakta ko labarin da ba a saba da shi ba.

Sai cinikin faifai ya fara ja da baya, karayar tattalin arziƙin 2008 ta ƙara tura shi, kallo ta intanet ya ƙarasa aikin. A shekarar 2008 ɗin aka rufe wasu daga cikin ƙananan sassan da manyan kamfanoni suka ware don irin waɗannan fina-finai. Kuɗin kallo ta intanet bai maye gurbin ba, saboda mai biyan kuɗin wata ba fim ɗaya yake saya ba. Wanda ya san yadda Ƙofar Wambai take cika da 'yan sarin kaset da faifai a da, ya kuma ga yadda masu shirya fim a Kano suka koma masu dogon zango a YouTube, ba ya bukatar dogon bayani.

A ganina nan ne gizo yake saƙar. Fim ɗin da ba shi da faifan da zai cece shi, dole ya nemi tallan da ba a biya, wato tafin da ake yi masa a Venice da raɗe-raɗin cewa zai ci Oscar. Duk wannan a kaka ake samunsa. Shi ya sa suke cunkushewa cikin wata uku zuwa huɗu suna ture juna, da yawansu a sauke su daga silima bayan mako biyu, kafin ma labarinsu ya kai kunnen masu son su. Wannan asara tana yi mini ciwo.

Annobar korona a 2020 da yajin aikin marubuta da 'yan wasa a 2023 sun ƙara dagula jadawalin, annobar kuma ta sa tazarar da ke tsakanin silima da kallon gida ta ragu daga kusan kwana 90 zuwa 45 ko ƙasa da haka. Amma sun tarar da gyambon ne ya riga ya yi shekara goma yana ruwa.