Ƙarancin sinadarin ƙarfe da ciwon damuwar mai jego: yadda maganar ta faro

Likitoci sun daɗe da sanin cewa wasu mata hankalinsu kan tashi bayan haihuwa. A 1858 wani likitan Faransa, Louis-Victor Marcé, ya rubuta littafi guda a kan haka. Amma ciwon damuwa irin na yau da kullum, wanda mai jego ke yawan kuka, ta daina jin daɗin komai, ta riƙa ganin ta gaza kula da jaririnta, sai a 1968 Brice Pitt ya bi diddiginsa a Landan, ya gano cewa yana kama kusan mace ɗaya cikin goma. A 1987 John Cox da abokan aikinsa suka fitar da ma'aunin Edinbara na gano damuwar mai jego, mai tambayoyi goma, wanda asibitoci ke amfani da shi har yau.

Shi kuwa ƙarfe tarihinsa daban ya tafi. Tun 1832 Pierre Blaud ke ba mata masu ƙarancin jini ƙwayar ƙarfe. Gwajin feritin a jini, wanda ke nuna ajiyar ƙarfen da ta rage a jiki, bai samu ba sai farkon shekarun 1970. Wannan gwajin ya nuna cewa rumbun mace na iya zama fanko alhali awon jininta bai faɗi ba tukuna.

Abin mamaki shi ne daɗewar da aka yi kafin a haɗa maganganun biyu, ga shi kuwa dalilan a fili suke. Juna biyu na cinye kusan miligiram 1,000 na ƙarfe, haihuwa kuma ta zo da zubar jini. Ƙwaƙwalwa ba ta iya samar da dofamin da serotonin, sinadaran da ke daidaita yanayin zuciya, yadda ya kamata in babu ƙarfe. Sannan alamomin sun yi kama: kasala, saurin fushi, kasa tattara hankali. Wa zai ce ga na jini, ga na rai, a wajen matar da ba ta samun barcin kirki?

A 2003 Elizabeth Corwin da John Beard da Laura Murray-Kolb a Amurka suka ga cewa matan da jininsu ya yi ƙasa a makon farko na jego sun fi nuna alamun damuwa daga baya. A 2005 Beard ya gwada abin a Khayelitsha, kusa da Kef Tawun a Afirka ta Kudu: masu jegon da aka ba ƙarfe sun samu sauƙin damuwa fiye da waɗanda ba a ba su ba. Wani bincike a Sifen a 2011 ya danganta ƙarancin feritin kwana biyu bayan haihuwa da ciwon. Sai dai wani da aka yi a Chana bai ga alaƙar ba.

A ganina nan ne ya kamata a yi hattara. Talauci, wahalar naƙuda da rashin mataimaki na iya jawo matsalolin biyu a tare, don haka ba kowace damuwa ce ƙwayar ƙarfe za ta warkar ba. Ko shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2016, cewa ana iya ba mai jego ƙarfe tsawon makonni 6 zuwa 12 a inda ƙarancin jini ya yawaita, don gyara jini aka bayar da ita. Mai jegon da ta zo da damuwa a auna mata feritin, a kuma ci gaba da kula da damuwar kanta, da shawarar ƙwararru ko kuma da magani.