Waiwaye: Yadda rufe gwamnati ya zama al'ada a Amurka, da abin da ƙawayenta ke kwasa

Gwamnatin tarayyar Amurka ta yi kwana 43 a rufe, daga 1 ga Oktoba zuwa 12 ga Nuwamban 2025, wato ma'aikatu da dama sun dakatar da aiki saboda majalisa ba ta amince da kasafin kuɗi ba, kuma muhawarar da ta biyo baya ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. A cikin gida ana ta nuna wa juna yatsa tsakanin 'yan Republican da 'yan Democrat kan tallafin inshorar lafiya da ya haddasa kiki-kakar. A waje kuwa tambayar daban ce: ƙasar da ta kasa biyan ma'aikatanta albashi, yaya za a jingina da alƙawarinta?

Masu wannan tambaya suna da hujja a hannu. A watan Oktoban 2025 gwamnatin Jamus ta sanar cewa za ta biya albashin ma'aikatan farar hula kimanin 11,000 da ke aiki a sansanonin sojin Amurka a ƙasarta, kafin Amurka ta mayar mata da kuɗin. A Italiya da tsibiran Azores na Fotugal, irin waɗannan ma'aikata sun yi ta zaman jiran albashi. A daidai lokacin kuma Amurka ta ƙulla yarjejeniyar musayar kuɗi ta dala biliyan 20 da Ajantina. Masu suka suka ce gida bai ƙoshi ba ana kai wa dawa, masu karewa suka ce kuɗin daga wani asusu ne na daban da ba ya jiran kasafin shekara. Wanda ke bin labarin daga nesa zai zaci rikicin na 'yan siyasar yau ne kawai. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma tsamin wannan ya haura shekara 40.

Tushen dokar sananne ne. Tsarin mulkin Amurka ya ce ba a fitar da ko sisi daga baitulmali sai majalisa ta ware shi da doka. A ƙarni na 19 ma'aikatu sun saba cinye kuɗinsu tun shekara ba ta raba ba, sannan su dawo majalisa su ce ko a ƙara ko aiki ya tsaya. Don toshe wannan kafa aka yi dokar hana kashe kuɗin da ba a ware ba a 1870, aka ƙara mata ƙarfi a 1884 da hana gwamnati karɓar aikin da ba ta da kuɗin biya, sai fa in rai ko dukiya na cikin haɗari. A 1974 aka sake fasalin kasafi gaba ɗaya, shekarar kuɗi ta koma farawa 1 ga Oktoba. Daga 1976 zuwa 1979 sau shida wa'adin kasafi yana ƙarewa ba a cim ma matsaya ba, wani karon har fiye da mako biyu.

Abin lura shi ne a duk waɗannan lokuta ofisoshi ba su rufe ba. Ma'aikaci ya zo aiki, ya zauna a teburinsa, ya san in an sasanta za a biya shi. Manajoji sukan dakatar da tafiye-tafiye da sababbin kwangiloli, iyakarta ke nan. Dokar 1870 tana nan a littafi, amma kowa ya fahimce ta a matsayin takunkumin almubazzaranci, babu wanda ya ɗauke ta umarnin kulle ƙofa.

A farkon 1980 ne wata 'yar Majalisar Wakilai daga jihar Maryland, Gladys Spellman, wadda mazaɓarta ke cike da ma'aikatan tarayya, ta nemi a fayyace matsayin mutanenta idan kasafi ya yanke. Babban mai binciken kuɗin gwamnati, Elmer Staats, ya amsa cewa a fahimtarsa majalisa ba ta da nufin a rufe ma'aikatu a irin wannan yanayi, ko da yake harafin dokar yana da tsauri. Amsar ta bar baya da ƙura, don ta yarda ana saɓa wa rubutacciyar doka amma ta ce a ci gaba. Sai Shugaba Jimmy Carter ya miƙa tambayar ga ministan shari'arsa, Benjamin Civiletti.

Fatawar ministan ta fito ranar 25 ga Afrilun 1980. Ranar ce kuma Carter ya fito a talabijin da sassafe ya shaida wa Amurkawa cewa yunƙurin kuɓutar da ma'aikatan ofishin jakadancinsu da ake garkuwa da su a Tehran ya ci tura, sojoji 8 sun mutu a hamadar Iran. A rana irin wannan, wa zai tsaya karanta wasiƙar lauya kan dokar kasafi? Ga shi kuwa abin da ke cikinta ya fi labarin hamadar daɗewa yana aiki. Ta ce dokar tana nufin abin da ta faɗa: in babu kuɗin da aka ware, ma'aikata ba ta da ikon ɗaukar wa gwamnati wani nauyin biya, kuma barin mutum ya yi aiki ɗaukar nauyin albashinsa ne. Abin da aka yarda kawai shi ne 'yan sa'o'in tattara takardu da rufe ofis cikin tsari. Ta kuma ce daga yanzu za a iya gurfanar da wanda ya saɓa da gangan, hukuncin da doka ta tanada kuwa ya kai tarar dala 5,000 ko ɗaurin shekara 2.

Ba a yi mako guda ba aka ga aikinta. Ranar 1 ga Mayu kuɗin hukumar kula da cinikayya ta tarayya, FTC, ya yanke saboda taƙaddama kan iyakar ikonta. Aka sallami ma'aikata kimanin 1,600 gida. Da yamma aka sasanta, washegari suka dawo. Wannan ne karo na farko da wata hukumar tarayya ta rufe saboda giɓin kasafi, kuma mutane ƙalilan ne suka damu.

A shari'ance da wuya a ce karatun da aka yi wa dokar kuskure ne. An yi tambaya, an buɗe littafi, an faɗi abin da ke ciki. Matsalar ita ce doka da aka ƙera don wata cuta ta 1870 ta wayi gari tana amsa tambayar da masu rubuta ta ba su taɓa yi wa kansu ba, kuma babu wani tanadi a gefenta da ke cewa ga abin da za a yi kafin a sasanta.

Sai dai a ganina fatawa ta biyu, wadda aka fi mantawa da ita, ta fi ta farkon tasiri. Ta fito ranar 16 ga Janairun 1981, kwana huɗu kafin Carter ya sauka, hankalin duniya na kan sakin waɗancan mutane na Tehran. An lura cewa in aka bi ta farko sak, masu kula da zirga-zirgar jiragen sama za su bar hasumiyarsu, gandirobobi su bar fursunoni, likitocin asibitin tsofaffin sojoji su ajiye aiki. Don haka ta biyun ta faɗaɗa togaciyar nan ta 1884: duk aikin da ke da alaƙa mai ma'ana da kare rai ko dukiya zai ci gaba, haka ma abin da tsarin mulki ya ɗora wa shugaban ƙasa kai tsaye, da kuɗaɗen da doka ta riga ta ba su izini na dindindin, irin fanshon tsofaffi.

Niyyar alheri ce, kuma ta ceci rayuka. Amma ta haifar da wani sabon abu: rufewar da za a iya jurewa. Da a ce jirage za su daina tashi tun ranar farko, da babu ɗan siyasar da zai kusanci wannan rami. Da a ce kuma komai zai ci gaba kamar kafin 1980, da babu ribar da za a ci da barazana. Abin da aka samu yana tsakiya. Yana da zafin da zai sa abokin hamayya ya ji a jikinsa, bai kai zafin da zai tilasta sulhu cikin dare ɗaya ba. Daga nan kowane ɓangare, duk lokacin da ya samu kansa a matsayin da ya dace, ya ga akwai abin riƙewa a teburin ciniki. Gyare-gyaren da suka biyo baya sun bi wannan layi. A 1990 aka taƙaita togaciyar ga haɗarin da ke tafe nan take. A 2019 aka yi dokar da ta tabbatar wa ma'aikatan tarayya cewa za a biya su bashin albashinsu bayan kowace rufewa, ban da ma'aikatan 'yan kwangila, irin masu shara da masu gadi, waɗanda kwanakinsu suka tafi ke nan.

To ina ƙawaye suka shigo? Ta ƙofar wannan rabon aiki gida biyu. Sojan da ke sansanin Ramstein na Jamus yana kare rai, don haka yana bakin aiki ko da albashinsa na cikin shakka. Jami'in da ke tattauna yarjejeniyar ciniki, da mai tantance takardun sayar da makamai, da mai shirya taron shugabanni, aikinsu ba ya hana kowa mutuwa gobe. Zumunci tsakanin ƙasashe da irin waɗannan ƙananan ayyuka ake riƙe shi, kuma su ne ma'aunin 1981 ya fi saurin ajiyewa gefe.

Misalan ba su da wuyar samu. A Disamban 1987 tallafin 'yan tawayen Contra na Nikaragua yana cikin abin da ya jawo gajeriyar rufewa. A Nuwamban 1995, da aka tura ma'aikata kimanin 800,000 hutun dole, Shugaba Bill Clinton ya fasa zuwa taron APEC, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen Asiya da Pasifik, a birnin Osaka na Japan, ya tura mataimakinsa Al Gore. Lokacin ya yi muni, domin wata biyu kacal da fyaɗen da sojojin Amurka uku suka yi wa wata yarinya a tsibirin Okinawa mai sansanonin sojin Amurka, jama'ar Japan na tafasa, ana tambayar amfanin sansanonin baki ɗaya. Ziyarar Tokyo sai a Afrilun 1996. A rufewar da ta biyo baya mai kwana 21, dubban takardun neman biza ne ke taruwa kullum babu mai dubawa.

Na 2013 ya fi fitowa fili. Gwamnati ta rufe kwana 16 kan dokar lafiya, Shugaba Barack Obama ya soke ziyarar Malesiya da Filifins, sannan taron APEC a Bali da na Gabashin Asiya a Brunei, alhali ya sha cewa Amurka ta karkata akalarta zuwa Asiya. A cikin makon ne shugaban China Xi Jinping ya tsaya gaban majalisar Indonesiya a Jakarta ya gabatar da shirin hanyar siliki ta teku, ya kuma kawo shawarar kafa bankin gina ababen more rayuwa na Asiya. Zagaye na biyu na tattaunawar ciniki da Tarayyar Turai a Brussels ma sai da aka ɗage shi, don babu kuɗin tura tawaga. Rufewar kwana 35 ta 2018 zuwa 2019, kan dala biliyan 5.7 na katangar iyakar Meksiko, ta hana tawagar Amurka zuwa taron tattalin arzikin duniya na Davos a Switzerland.

A 2023 abin ya ɗauki sabon salo. Ranar 30 ga Satumba, saura 'yan sa'o'i wa'adi ya cika, aka amince da kasafin wucin gadi na kwana 45, kuma farashin sulhun shi ne cire tallafin Yukren daga ciki. Gwamnati ba ta rufe ba, amma ƙawa ta biya kuɗin buɗe ta. Kwana uku bayan haka kakakin Majalisar Wakilai ya rasa kujerarsa. Sai a Afrilun 2024 aka zartar da kunshin dala biliyan 95, kusan biliyan 61 na Yukren, sauran na Isra'ila da agajin jinƙai da yankin Taiwan. Kafin nan garin Avdiivka na Yukren ya faɗa hannun Rasha a Fabrairu, sojojin Yukren na kukan ƙarancin harsasan atilare.

Dalilin da ya sa tallafin waje ke saurin zama abin yanka a bayyane yake. Bai wuce kusan kashi 1 cikin 100 na kasafin tarayya ba, amma masu cin gajiyarsa ba su da ƙuri'a a Ohio ko Texas. Kuma komai girman alƙawari, a kan kasafin shekara yake tsaye. Yarjejeniyar 2016 da ta yi wa Isra'ila alƙawarin dala biliyan 38 cikin shekara 10 ma sai majalisa ta ware kason kowace shekara. Hanyar ware shi kuwa mai tsawo ce: ƙudurori 12, majalisu biyu, ƙuri'a 60 cikin 100 a Majalisar Dattawa kafin a rufe muhawara, sannan sa hannun shugaban ƙasa. Tun da aka soma wannan tsari a shekarun 1970, sau huɗu kawai aka kammala duka a kan lokaci, na ƙarshe kuwa kasafin 1997 ne.

Mai karatu a Najeriya zai iya mamaki, don a nan ma kasafi ya sha makara har tsakiyar shekara amma ba a kulle sakatariya ba. Bambancin sashe na 82 na tsarin mulkin 1999 ne, wanda ya bai wa shugaban ƙasa damar ci gaba da fitar da kuɗin gudanar da gwamnati har tsawon wata shida bisa ma'aunin kasafin bara. Jamus na da irin wannan tanadi a nata kundin, abin da ya sa ta ga lamarin Amurka baƙon abu. Wasu jihohin Amurkar ma, kamar Wisconsin, haka suke yi. A matakin tarayya an sha gabatar da ƙudurin da zai sa tsohon kasafi ya ci gaba da kansa in sabo ya makara, daga 'yan jam'iyyun biyu, amma babu wanda ya zama doka. Masu adawa da shi suna da hujjar da ba ta raini ba: in babu wa'adin da ke tsorata kowa, ana iya shekaru ba a zauna an rubuta sabon kasafi ba, ikon majalisa a kan lalitar gwamnati ya zama na suna.

Mu nan abin da muka gani na rufewar 2025 ɗan kaɗan ne. Ofishin jakadancin Amurka a Najeriya ya sanar cewa ba zai riƙa sabunta shafukansa na sada zumunta a kai a kai ba, amma aikin biza da fasfo zai ci gaba gwargwadon hali, saboda da kuɗin da masu nema ke biya ake tafiyar da shi. A can kuwa sai da tallafin abinci na mutum kimanin miliyan 42 ya shiga ruɗani, aka kuma ba da umarnin rage tashin jirage a manyan filaye 40, sannan aka samu ƙuri'un buɗewa. Yarjejeniyar 12 ga Nuwamba ta bai wa ɓangarori uku kasafin cikakkiyar shekara: noma, tsofaffin sojoji da gine-ginen soja, da ita kanta majalisa. Sauran, har da harkokin waje da tsaro, an ɗora su a kan kasafin wucin gadi zuwa 30 ga Janairun 2026.