Filin kiɗa a bakin kogi: tambayoyi kan zaizayar gaɓa da rayukan jama'a

Birane da yawa suna son mayar da bakin kogi wurin taron kiɗa da waƙa, saboda iska da sarari da kyan gani. Abin da ke damuna shi ne yadda ake raba aikin gida biyu: injiniyoyi suna can suna fama da gaɓa, masu shirya taro suna nan suna lissafin tikiti, alhali ƙasa ɗaya ce za ta ɗauki kowa.

Me ke cin gaɓar kogi?

Ruwa daga gindi yake farawa. Inda kogi ya yi kwana, ruwan ya fi gudu ta bayan kwanar, can yake ƙwaƙule ƙasa, ya je ya zube yashi ta cikin kwanar. Idan gindin ya rarake, saman gaɓar sai ya zama kamar rumfa ba ginshiƙi. Mai tsaye a kai ba ya ganin komai, ciyawa tana nan shar, har ranar da za ta zaftare.

Akwai kuma abin da mutane ba su cika sani ba. Gaɓa ta fi rushewa bayan ambaliya ta janye. Lokacin da kogi ya cika, ƙasa tana shan ruwa ta yi nauyi, amma ruwan kogin yana tokare da ita. Da ya sauka da sauri, sai tokarin ya tafi, nauyin kuma yana nan. Saboda haka janyewar ruwa ba ta isa hujjar buɗe ƙofa washegari ba. A cikin birni abin ya fi tsanani, domin kwalta da rufin gidaje ba sa shan ruwan sama, duk magudanai suna juye shi a kogi lokaci guda.

Taron mutane yana ƙara wa gaɓa nauyi ke nan?

Ƙwarai. Ƙa'idojin gini na Turai suna lissafa wa wurin cunkoso kusan kilo 500 a kowace murabba'in mita, ko fiye. Ga dandamali, ga janareta, ga manyan motoci masu kawo kaya. Tattakin ƙafa kuma yana kashe ciyawar da ke riƙe ƙasa. Shi ya sa ake barin rata tsakanin bakin gaɓa da inda za a kafa kaya masu nauyi, kuma gwajin ƙasa ne ke nuna faɗin ratar.

Me zai hana a zuba kankare a huta?

Kankare yana da wurinsa, musamman inda gine-gine suka matse kogi. Sai dai katanga mai santsi tana ƙara wa ruwa gudu, ya je ya ci gaɓar waɗanda ke gaba. Ruwa yakan bi ta ƙarƙashinta ya rarake tushe. Wanda kuma ya faɗa kogi a gindin miƙaƙƙiyar katanga ba shi da abin kamawa, sai an sa tsani da sarƙoƙi a jikinta.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne haɗa dabaru. A kwantar da gaɓar ta daina zama a tsaye, a jera manyan duwatsu ko kwandunan ragar waya cike da duwatsu a gindinta, a shimfiɗa ƙyallen tacewa a ƙarƙashi don kada ruwa ya tsotse ƙasa, sannan a dasa tsirrai a sama. Ciyawar jema, alal misali, saiwarta takan nutse har mita 3. Amma tsiro yana buƙatar lokaci kafin ya kama, dole a killace shi daga ƙafar jama'a.

Akwai inda aka haɗa abubuwan biyu aka dace?

Akwai birnin Biyana na Ostiriya. Tsakanin 1972 da 1988 aka haƙa sabuwar hanyar ruwa kusa da kogin Danube don rage ambaliya, ƙasar da aka haƙo ta zama tsibiri mai tsawon kilomita 21. Tun 1984 ake yin babban bikin kiɗa a kansa. Kare birnin daga ruwa aka sa a gaba, bikin ya zo ya tarar da ƙasa mai ƙwari.

Ina haɗarin ya fi yawa a ranar taro?

A ƙofa. Fili a bakin kogi ya riga ya rasa gefe guda na fita, duk jama'a sauran ɓangarorin za su nufa. A watan Yulin 2010, a Duisburg ta Jamus, mutum 21 suka mutu a turmutsitsin wani bikin kiɗa inda masu shiga da masu fita suka haɗu a hanya ɗaya. Can ba kogi ba ne ya tsare su, amma matsalar iri ɗaya ce. Da zarar mutane sun kai 6 zuwa 7 a murabba'in mita, mutum ba ya iya sarrafa jikinsa, taron ne ke tafiya da shi. Gada ma matsattsiyar hanya ce, kada a lissafa ta a matsayin faffaɗar mafita.

A gefen ruwa ana buƙatar shinge mai jure turi, da fitilu, da masu ceto a kwale-kwale tun kafin a fara.

Idan hadari ya taso fa?

A Agustan 2011 iska ta kifar da rufin dandamali a jihar Indiyana ta Amurka, mutum 7 suka rasu. Tun kafin a sayar da tikiti ya kamata a rubuta ƙarfin iska da tsayin ruwan da za su sa a tsayar da taro. A kuma riƙa duba ma'aunin ruwa na can saman kogi, domin ruwan da aka yi a nesa yana iya iso wa filin alhali sama tana garau. Ruwa mai gudu mai zurfin santimita 15 kacal yana kayar da babban mutum.

Wa ke da ikon cewa a tsaya?

Mutum ɗaya, wanda kowa ya san sunansa, kuma ba shi da kaso a kuɗin tikiti. Ya zauna ɗaki ɗaya da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da ma'aikatan lafiya da mai lura da kogi, lasifikar filin kuma tana hannunsa.