Haɗa magunguna biyu ko uku a ciwon sukari: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da masu ciwon sukari ke yi mini kullum a nan Gusau, kuma bakina ya gaji da maimaita amsoshinsu.

Likita ya ƙara mini magani a kan metformin. Ciwon ya fi ƙarfina ke nan?

A'a, Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Ciwon sukari nau'i na biyu yana ƙaruwa da shekaru, kuma magani ɗaya ba ya riƙe shi har abada. Metformin yana rage sukarin da hanta ke zubawa cikin jini, gliclazide da glimepiride suna sa jiki ya ƙara fitar da insulin (sinadarin da ke sauke sukarin jini), empagliflozin kuwa yana zubar da sukari ta fitsari. Kowanne da ƙofar da yake tarewa, shi ya sa ake haɗa su.

Na ji sauƙi, in ajiye ɗaya?

Kada ka ajiye. Sauƙin nan aikin magungunan ne.

Maƙwabcina yana shan wani mai kyau, in saya a kemis?

A'a, Malam. Ƙodarka ba tasa ba ce, kuma ba a ba wanda ƙodarsa ta yi rauni sosai metformin.

Yaya zan sha su a watan azumi?

Wannan ba ta da amsa ɗaya, domin ta danganta da irin haɗin da kake sha, da shekarunka, da lafiyar ƙodarka. Metformin shi kaɗai ba kasafai yake faɗar da sukari ba, don haka galibi akan raba shi tsakanin buɗa-baki da sahur, mafi yawa a buɗa-baki. Matsalar tana wajen glibenclamide da danginsa irin su gliclazide da glimepiride, waɗanda ke iya faɗar da sukari da tsakar rana, musamman ga manomi ko ɗan acaɓa da ke yini cikin rana, kuma sau da yawa likita yakan rage na sahur ko ya canja maganin gaba ɗaya. Empagliflozin kuma yana ƙara fitsari, kuma a zafin da muke sha a Zamfara tsoho na iya bushewa kafin magariba. Idan awon sukari ya nuna ƙasa da 70 ko sama da 300 (a ma'aunin mg/dL), ko ka ji karkarwa da gumi da jiri, ka karya azumin nan take da dabino ko ruwan sukari idan sukarin faɗuwa ya yi. Huda yatsa don awo ba ya karya azumi. Abin da ke ɓata mini rai shi ne mutum ya zo ranar da aka ga wata yana neman shawara, alhali tun cikin Sha'aban ya kamata a zauna da likita.

Garafuni da zogale fa?

Ba sa maye gurbin magani, kuma ka gaya wa likita idan kana sha.

Ta yaya zan san haɗin yana aiki?

Da gwajin HbA1c bayan wata 3, wato gwajin jini da ke nuna matsakaicin sukarinka na watannin baya. Ga yawancin manya ana neman ƙasa da kashi 7 cikin 100, kuma idan bai sauka ba, a koma asibiti da kwalayen magungunan duka a hannu.